Ba Kowace Ranƙwafawa ce Tsufa ba: Ciwon Ƙashin da Ba a Raɗa wa Suna ba

GABATARWA

Da wuya a sami zuriyar da ba ta san irin wannan labari ba. Tsohuwa ce mai shekara saba'in ko fiye, da sauran ƙarfinta, tana zuwa suna da biki da ƙafarta, tana wasa da jikoki. Ran nan da asuba ta fito za ta kewaya, santsi ya ɗebe ta a bakin makewayi, ta faɗi zaune. Faɗuwa ce irin wadda yaro zai yi ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ci gaba da guje-gujensa, amma ita sai ta kasa tashi. Aka kira maɗori, ya shafa, ya ɗaure. Aka yi wata ɗaya, aka yi biyu, ƙafa ba ta taku ba. Kafin shekara ta zagayo an yi zaman makoki. In an tambayi abin da ya same ta, sai a ce, "Ai tsufa ne, kuma kwana ya ƙare."

Ƙarewar kwana ba abin musu ba ce. Abin dubawa shi ne kalmar "tsufa", domin an mayar da ita wani babban mayafi da ake lulluɓe cututtuka da dama da shi, har da waɗanda ke da rigakafi da magani. Wannan maƙala za ta ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato ciwon da ke cinye ƙashin mutum a hankali har ya zama ɗan tuntuɓe kaɗan ya isa ya karya shi. Ra'ayin da ake son kafawa shi ne, babban abin da ya ɓoye wannan ciwo a ƙasar Hausa rashin suna ne, kuma raɗa masa suna aiki ne da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa kamar yadda maganinsa ya rataya a wuyan likitoci.

ƘASHI ABU NE MAI RAI

Yawancin mutane sun ɗauka ƙashi kamar dutse yake, in ya gama girma shi ke nan. Alhali kuwa ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi kullum cikin rushewa da sabon gini suke. Akwai ƙwayoyin halitta masu kankare tsohon ƙashi, akwai kuma masu bin bayansu suna yaɓa sabo, tamkar yadda ake kankare katangar laka a sake yi mata yaɓe kafin damina. Ta haka ne a cikin kimanin shekara 10 ake sabunta kusan dukkan ƙashin jiki. Babban kayan wannan gini shi ne sinadarin kalsiyam, wanda kashi 99 cikin 100 na abin da jiki ya mallaka yana ajiye ne a ƙasusuwa da haƙora. In abinci bai kawo isasshe ba, jiki ba ya jira, sai ya shiga rumbun ƙashi ya ɗebo, domin zuciya da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi.

Daga ƙuruciya zuwa wajen shekara 30, masu yaɓe sun fi masu kankara sauri, saboda haka ƙashi yana ta ƙara nauyi da ƙwari. Daga nan al'amarin ya fara juyawa. Wanda ya cika rumbunsa da ƙuruciya zai daɗe yana ci, wanda kuwa ya shiga shekarun girma da rabin rumbu zai ga ƙasansa da wuri. Idan asarar ta yi yawa, cikin ƙashi sai ya zama huji-huji kamar itacen da gara ta ci: daga waje lafiya lau, amma da an jingina sai ya ruguje. Wannan hali ne likitoci ke kira ostiyoforosis, kalmar da wani likitan Faransa, Jean Lobstein, ya harhaɗa daga Girkanci a wajen shekarun 1830, ma'anarta kuwa ƙashi mai ƙofofi.

Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya zafi, ba ya kumburi, ba ya sa zazzaɓi. Sallamarsa ta farko ita ce karaya, kuma ya fi son wurare uku: wuyan hannu, da ƙashin baya, da kwatangwalo. Na baya ya fi ɓuya. Gaɓoɓin ƙashin bayan sukan lotse ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci wajen ɗaga bokitin ruwa ko ma wajen tari, mutum ya ɗan yi ciwon baya ya wuce, wani ma bai ji komai ba. An ƙiyasta cewa wajen kashi biyu cikin uku na irin wannan karaya likita bai taɓa ganinsu ba. Sai dai a lura tsohuwa ta rage tsawo, zanen da take ɗaurawa ya fara jan ƙasa, baya ya yi doro. Ashe ranƙwafawar nan da ake ɗauka kayan tsufa ce, sau da yawa karaya ce a kan karaya.

ME YA SA MATA SUKA FI SHAN WUYARSA?

A shekarar 1941 wani likitan Amurka, Fuller Albright, da abokan aikinsa suka nuna cewa mafi yawan masu wannan ciwo mata ne da jinin al'ada ya ɗauke musu. Dalili shi ne akwai wani sinadari a jikin mace, istirojin, wanda yake taka wa masu kankarar ƙashi birki. Da zarar al'ada ta ɗauke, wajen shekara 50, sinadarin ya ja baya, sai kankara ta tsere wa yaɓe, har mace kan iya rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙashinta a 'yan shekarun farko. Daɗin daɗawa, tun asali ƙashin mace bai kai na namiji kauri ba, kuma mata sun fi maza tsawon rai. Gidauniyar duniya mai kula da wannan ciwo, wadda ke da mazauni a Suwizalan, ta ƙiyasta cewa a cikin waɗanda suka haura shekara 50, mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar za su gamu da irin wannan karaya. Ke nan maza ma ba su tsira ba, sassauci kawai suka samu.

Akwai kuma abubuwan da mutum ke jawo wa kansa. Shan taba da giya suna cin ƙashi, haka ma yawan zama wuri ɗaya da rama mai tsanani. Wanda ya fi ban tsoro a garuruwan Arewa shi ne ƙwayoyin nan irin su dezametazon, da wasu 'yan mata da amare ke saye a kemis ba da izinin likita ba don su yi ƙiba, da waɗanda ake cusawa cikin haɗe-haɗen maganin ciwon gaɓɓai ana sayar wa tsofaffi. Wannan jinsin magani, in an daɗe ana sha, yana cikin manyan abubuwan da ke ƙwaƙule ƙashi. Kumatu su cika, ƙashi ya zama fanko.

KO BAƘAR FATA TA TSIRA?

Mai musu zai ce ai wannan ciwon Turawa ne, kuma yana da abin kafa hujja. Binciken da aka yi a Johannasbag a 1968 ya sami karayar kwatangwalo ƙalilan ƙwarai a cikin baƙaƙen Afirka ta Kudu in an kwatanta da Turawa, wani kuma da aka buga a 1991 ya nuna haka a Ibadan in an kwatanta da Ingila. Gaskiya ne kuma cewa aikin ƙarfi yana gina ƙashi. Matar ƙauye da ta tashi da daka da surfe da ɗaukar tulu da tafiyar kasuwa a ƙasa ta yi wa ƙashinta hidimar da matar birni mai zaman kujera ba ta yi ba.

To, amma akwai abubuwa uku da ya kamata a auna. Na farko, lissafin asibiti yana ƙirga wanda ya zo asibiti ne kurum. Tsohuwar da aka kira wa maɗori har ta cika a ɗakinta ba ta shiga littafin kowa ba. Na biyu, binciken da aka sake yi a Afirka ta Kudu aka buga a 2020 ya sami adadin karayar a cikin baƙar fata ya ɗara abin da aka ruwaito a da nesa ba kusa ba. Na uku, rayuwar da ta ba kakanni kariya tana shuɗewa: injin niƙa ya karɓe turmi, babur ya karɓe tafiyar ƙasa. A lokaci guda kuma tsofaffi sai ƙaruwa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa za su kasance. Ɗaliban da ke cika azuzuwan jami'a a yau su ne za su yi jinyar waɗannan tsofaffi, kafin su ma layi ya zo kansu.

TUWO, NONO DA KUKA

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar sha'anin ƙashi. Baligi yana bukatar kimanin miligiram 1,000 na kalsiyam a yini, macen da ta wuce 50 kuwa wajen 1,200. Kofi ɗaya na madara yana ba da kusan 300. A binciken da Dokta Thomas Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999, an tarar yaran da ke fama da gwamewar ƙafa suna samun wajen miligiram 200 ne kacal a yini. Kafin wannan bincike, an fi ɗora laifin gwame a kan rashin bitamin D, wanda fata ke samarwa in rana ta taɓa ta. Sai ga shi a ƙasar da rana ba ta yi wa kowa rowa ba, yaran da aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Darasin a fili yake: matsalar tana cikin akushi.

Tuwon masara da na dawa da na gero suna ƙosarwa, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, kuma dusar hatsi tana ɗauke da wani sinadari mai riƙe ɗan abin da ke akwai ya hana hanji tsotsewa. Abin takaici shi ne maganin yana nan a tsakar gida. Nono da kindirmo, da garin kuka, da zogale, da riɗi, da tamba, da ƙananan kifin da ake ci har da ƙaya, duk suna da kalsiyam mai yawa. Amma a gidaje da yawa fura da nono ta maigida ce da baƙinsa, yarinya mai tasowa da mai goyo sai abin da ya ragu a ƙwarya. Alhali mai shayarwa daga ƙashinta ake ɗibar wani abu ana zuba wa jariri a nono. Jiki yakan mayar da mafi yawansa bayan yaye, amma duk da haka ita ce ta fi kowa cancantar ludayin farko. Miyar kuka kuwa, wadda ɗan boko kan raina da zarar ya fara karɓar albashi, ta fi yawancin abin da ya maye gurbinta da shi amfani ga ƙashi.

Batun rana ma bai kamata a yar da shi gaba ɗaya ba. Tsohon gidan Bahaushe yana da tsakar gida buɗaɗɗiya, inda ko matar da ba ta fita takan sha hantsi wajen aikace-aikacenta. Ginin zamani na birni rufe yake ruf, tsohon da ƙafa ta yi wa nauyi kuwa yakan yi kwana da kwanaki a ɗaki, ga shi fatar tsoho ba ta samar da bitamin D kamar ta yaro. Fitar da kaka ta sha hantsi ta ɗan taka ba ya cin ko kwabo.

MAƊORI DA LIKITA

Ɗori sana'a ce ta gado mai daraja, kuma ba don maɗora ba da mutane da yawa a karkara ba su sami mai taɓa su ba. Sai dai kowane gwani da iyakarsa. Karan ɗori yana aiki ne inda za a iya kewaye ƙashi a ɗaure shi, kamar dantse ko ƙwauri. Wuyan ƙashin cinya kuwa yana can cikin kwatangwalo, nama ya binne shi, babu karan da zai kai gare shi. Bugu da ƙari, karayar takan tsinke jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin, ta yadda ko an shekara a kwance ba lalle ya haɗe ba. Kwanciyar ce ma ke kisa: gyambon baya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a ƙafa. Ko a ƙasashen da ke da wadatar asibitoci, kimanin mutum ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka karye a kwatangwalo ba ya kai shekara. Shi ya sa likitoci suke so a yi aiki cikin kwana biyu, a sa ƙarfe ko a canza kan ƙashin, a tayar da majinyaci ya fara takawa.

Alamar ba ta da wuyar ganewa. Tsoho ya faɗi ya kasa tsayuwa, yana jin zafi a matsematsi, ƙafar ta ɗan gajarce, tafinta ya kwanta waje. Duk maɗorin da ya ga haka ya ce a tafi asibiti, ya ceci rai kuma bai rage wa sana'arsa daraja ba. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano tun 1959, akwai kuma sassan ƙashi a asibitocin koyarwa. Ba a musun cewa kuɗin aiki yana da nauyi, kuma na'urar DXA mai auna nauyin ƙashi, wadda a kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ma'aunin gane ciwon a 1994, sai a manyan birane. Wannan ma shi ne ya sa rigakafi ya fi muhimmanci ga talaka. Wanda ya taɓa karyewa a 'yar ƙaramar faɗuwa, haɗarin sake karyewarsa ya kusan ninkawa, kuma akwai magunguna masu rage kankarar ƙashi, irin su alendironet da aka fara amfani da shi a 1995. Karayar wuyan hannu a shekara 55 gargaɗi ce, in an saurare ta ana iya kauce wa ta kwatangwalo a shekara 75. Sauran rigakafin aikin gida ne: a gyara daɓen makewayi, a sa fitila a hanya, a kafa abin dafawa, a kai tsoho a duba masa ido, a daina yi wa mai sanda dariya.

BATUN SUNA

A nan ne maganar ta iso ƙofar Sashen Hausa. Abin da ba shi da suna ba a tambaya a kansa. Tsofaffi da yawa da ba su taɓa shiga aji ba suna zuwa asibiti da kansu su ce a auna musu jini, saboda "hawan jini" ya zauna a harshe. Haka "ciwon suga", da "shan-inna", da "ƙanjamau". Amma babu tsohuwar da za ta je ta ce a duba mata ostiyoforosis, ko da harshenta zai iya juya kalmar.

Sunayen da ake da su ba su wadatar ba. "Sanyin ƙashi" da "amosanin gaɓɓai" suna nuni ne ga ciwo mai zafi da tsami, wannan kuwa shiru yake aikinsa, saboda haka wanda ba ya jin zafi zai ɗauka ya kuɓuta. "Ruɓewar ƙashi" tana kawo hoton ƙwayar cuta da mugunya, abin da babu shi a nan. "Laushin ƙashi" ya fi dacewa da gwamen yara, inda ƙashi ke lanƙwasa, domin na tsoho ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi. "Raunin ƙashi" kuwa yana da harshen damo, tun da rauni yana nufin rashin ƙarfi, yana kuma nufin jin ciwo.

Wanda ya fi cancanta shi ne "zaizayar ƙashi". Kowane manomi ya san zaizayar ƙasa: ba a rana ɗaya take faruwa ba, ba a jin ƙararta, sai an wayi gari a ga kwazazzabo ya raba gona biyu. Ya kuma san ana tare ta tun da wuri da shuka itatuwa da jera duwatsu. Ke nan sunan yana ɗauke da bayanin ciwon, da gargaɗi, da kuma albishir cewa akwai abin yi. Mai sūka zai iya cewa ruwa daga sama yake cin ƙasa, wannan kuwa daga ciki yake ci. Ƙorafi ne mai ma'ana, kuma in wani ya zo da abin da ya fi, sai a karɓa hannu bibbiyu. Abin da bai kamata ba shi ne a ci gaba da zama babu ko ɗaya.

Ƙirƙirar kalma ba baƙon aiki ba ne. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta yi shi, malaman jami'o'i kuma sun yi wa ilimin harshe kansa, har ga shi ana koyar da "ƙirar kalma" da "ginin jimla" ba tare da aron bakin kowa ba. Abin da aka yi wa nahawu ana iya yi wa jikin ɗan Adam. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya zama da maɗora da ungozomomi da wanzamai ya tattara sunayen ƙasusuwa da na ire-iren karaya kafin masu su su ƙare, sa'an nan a zauna da malaman tsangayar likitanci a tace. Masu rubuta wasan kwaikwayo su ma da nasu laifin, domin duk ɗan wasan da aka ba matsayin tsohuwa, abu na farko da zai yi shi ne ya ranƙwafa ya riƙe ƙugu, 'yan kallo su fashe da dariya. Haka ake koya wa jama'a cewa doro da tsufa tagwaye ne.

KAMMALAWA

An ga cewa ƙashi yana ginuwa ne da ƙuruciya, yana zaizayewa da girma, kuma mata sun fi shiga haɗari bayan ɗaukewar al'ada. An ga cewa rigakafinsa yana cikin ƙwaryar nono da miyar kuka da motsa jiki, kuma karayar kwatangwalo ta fi ƙarfin karan ɗori. Ranar 20 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe don tunawa da wannan ciwo. Zai yi kyau a ce kafin ta sake zagayowa an sami sunan da malamai suka amince da shi, an miƙa wa gidajen rediyo da ma'aikatan asibiti. Kafin nan, duk ɗalibin da ya koma gida hutu ya dubi kakarsa da kyau. In ta fi bara gajarta, ko ta taɓa karyewa a faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba, ya kai ta a duba ta, kada ya bari a sallame shi da cewa tsufa ne.